Neman karo mai kaushi a Tawa

Ana sallame sallar asuba munka fito, mu uku: ni, da ɗiyata wadda ke aure nan cikin gari, da ƙanen maigidana. Tawa munka nufa sayen karo, wannan da ake shimfiɗawa a ƙasan ɗaki ko a manna a bango, wanda mutanen Najeriya ke ce wa tayil. Na san labarin abin da na yi a can ya riga ni isowa gida, na kuma ji irin gishirin da anka ƙara mishi a bakin rijiya. Shi ya sa na ce, ƴan uwana na ajin yaƙi da jahilci, tunda Allah ya sa mun iya riƙe alƙalami, gara ku ji daga hannuna. Kun san ni, ba ni da hayaniya. Amma ranar nan da wuta a cikina na fita, kuma har yau ba ta gama mutuwa ba.

Kafin in sa ku a mota sai na gaya muku abin da na baro a gida. Babban ɗana yana bida, wato neman kuɗi, a Abijan, ya daɗe can. Da Allah ya buɗa mishi, ya aiko anka rushe tsofaffin ɗakunanmu na ƙasa, anka yi mana na siminti, ɗaki biyu da makewayi a ciki. Ban raina ba, Allah ya yi mishi albarka. Kuɗin aikin ta hannun ƙanen maigidana suke biyowa, kamar yadda ake yi a kowane gidan ɗan bida: namiji ke karɓa, namiji ke saye, mace ta share. Da anka zo kan ƙasan ɗaki sai sunka zaɓi karo fari mai ƙyalli, irin wanda in kin duƙa kina ganin haƙoranki a ciki. A waya anka zaɓe shi, daga hoto. Makewayin kuwa ragowar na bango anka shimfiɗa mishi a ƙasa, wai don kada a yi asara. Ba wanda ya tambaye ni.

Shi kuwa Malam, maigidana, tun da hawan jini ya taɓa shi ɓarinshi na hagu ya yi nauyi, da sanda yake tafiya. Amma fa yana tafiya. A kan tsohon daɓena, wanda ni da maƙwabta munka buga da hannunmu, yakan tashi ya kai kanshi masallaci, ya dawo ya zauna ƙofar gida a yi hira da shi. Muna tarewa a sabon ɗaki, ruwan alwala ya ɗiga a ƙasa, sanda ta yi gabas, ƙafa ta yi yamma. Munka shimfiɗa tabarma, ita ma ta tafi da shi. Bai karye ba, sai dai tsoro ya shige shi. Tun farkon damina bai sake tsayawa da ƙafarshi ba. Da gindi yake jan jiki daga gado zuwa makewayi, mutumin da a ƙuruciyarshi buhu yake saɓawa shi kaɗai. Na ce a yi mishi rumfa a tsakar gida ya koma can, ya ce ba ya barin ɗakin da ɗanshi ya gina mishi duniya ta ce ya raina. Sannan anka haɗu anka ce kada wanda ya gaya wa yaron, wai na nesa ba a ba shi labarin da zai hana shi barci.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga Abijan, a shimfiɗa wa barandar ƙofar ɗaki karo, irin na cikin sak. Ƙanen maigidana ya ce zai shiga Tawa. Na ce ni ma zan je, maganin Malam ya kusa ƙarewa. Gaskiya ne ya kusa ƙarewa, amma ɗiyata ma ta iya sayowa. Abin da ya tashe ni daban ne: in barandar nan ma ta sha ƙyalli, to an rufe maganar Malam ya sake takawa har ranar da za a ɗauke shi.

Za ku ce don mi ban buɗe baki ba tun tuni. Ku duba mutum biyun da maganar ke hannunsu. Ɗaya ɗan fari ne. Tun ranar da anka raɗa mishi suna ban taɓa faɗin sunan ba, ban taɓa zama na dube shi ido cikin ido ba. Wajen kakarshi ya tashi. In ya kira waya ƙanwarshi ke tsakaninmu, ni ina daga gefe ina cewa a gaishe shi. Ɗayan kuma ƙanen miji ne, abokin wasa. Duk abin da na faɗa mishi, ko da idona ya cika, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Matata ta tsufa, ƙasa da ƙura take kewa." Ga ɗa ba damar magana, ga ƙane maganata ba ta da nauyi. Haka damina ta wuce ina haɗiya.

Motar kasuwa munka samu daga garinmu zuwa Barmu, can munka sake wata. Kuɗin mota ya hau tun zuwana na ƙarshe, da anka yi ƙorafi direba ya ce a je a tambayi masu sai da esansi, wato man mota. An jera mu kamar dammuna a rumbu, buhun wake a ƙarƙashin ƙafa, gwiwar wata a haƙarƙarina, ga wani rago ɗaure a saman mota yana ta kuka tun daga tasha. Da alama shi ma ba a tambaye shi ba.

Damina ta ci hanyar nan ba kaɗan ba. Kowace korama ta yanki rabonta, sai mota ta sauka cikin yashi ta yi ta gurnani, maza su fita su tura, mu mata mu riƙe yaran mutane. Daga nan a hau tudu, duwatsun Adar baƙaƙe ko'ina, mota na rawa a kansu har hira ta gagara. An gama yankan hatsi, dammuna a tsaye cikin gonaki, amalanken jakai na kwasa. A kan fako na ga inda mutane sunka haƙa ƙananan ramukan tara ruwa da ake ce wa tassa sunka zuba taki, wurin da da can ko akuya ba ta tsayawa, ga shi ya ba da kara har kafaɗa. Wannan kaɗai ya ɗan sanyaya mini rai. A wani ƙauye wata Buzuwa ta miƙo cuku ta taga, siriri kamar takarda, tana faɗin kuɗin da yatsu. Can nesa mazansu na kora raƙuma.

Abin da ya hana ni sakewa gidajen bakin hanya ne. Kowane gari munka ratsa sai kin ga gidan ɗan bida, ya fi na kowa tsawo, karo har a ginshiƙin ƙofa yana walƙiya, ƙofar kuwa da kwaɗo. Mai shi yana Libiya, ko Kamaru, ko Abijan. Mazan motar sun san kowane gida, wannan na ɗan wane ne, wancan ya fi shi, na gaba kuma ya kashe bakin kowa. Ƙanen maigidana bai bari anka wuce shi ba. Namu, in ji shi, ƙuda ma in ya sauka zamewa yake. Mota ta ɗauki dariya. Ɗiyata ta danne mini gwiwa da hannunta. Na ja mayafi na rufe bakina ina salati, don maganar ta taso har maƙogwaro: ba ƙuda kaɗai ke zamewa ba.

Da hantsi munka shiga Tawa, bayan jandarmomi sun duba katin kowa. Garin ya ƙara faɗi, inda na sani gonaki yanzu duk gini ne, rabi an gama rabi ƙarafa na kallon sama. Baburan kabu-kabu kuwa kamar an fasa gidan tururuwa, sai da ɗiyata ta riƙe mini hannu munka tsallaka titi, ni da na goye ta. Munka karya a bakin tasha da kunu da cecena, wato ƙosai. Cecenar ta ƙanƙance, in kin yi atishawa sai ta tashi. Mai tuyar, wata mutuniyar Damagaram mai fara'a, ta ce in na ga kuɗin mai da na wake sai na yi mata godiya da ta soya ma. Na sayi maganin Malam a farmasi na ƙulle a bakin zane. Nan ƙanen maigidana ya ce in je gidan wata ƴar garinmu in huta, su su je su dawo. Na ce ƙafata lafiya lau take.

Layin masu kayan gini duniya ce guda: siminti, kwano, ƙarfe, fenti, ƙofofi a jingine, ƙarar masu walda kamar za ta tsaga kunne. Shagon farko shi ne inda anka sayi namu. Mai shagon ya tarbi ƙanen maigidana hannu bibbiyu yana Alhaji, Alhaji, alhali ko filin jirgi bai taɓa gani ba. Ni anka turo mini benci a bakin ƙofa, wurin takalma. Ban zauna ba. Na bi bango ina shafa waɗanda anka kafa don gani: fari, mai jijiyoyi kamar dutse, mai zanen katako, mai ruwan zinariya. Kowanne hannu na gudu a kanshi kamar an shafa mai. Na tambaya a hankali ko akwai wanda ba ya zamewa. Ya amsa, amma ƙanen maigidana ya kalla ya amsa wa: akwai, sai dai na garejin mota ne da asibiti. Allah ya taimake ni irin namun ya ƙare a wajenshi, wai sai mota ta zo daga Ƙonni. A shago na biyu akwai shi, amma kuɗin da anka faɗa ya sa ƙanen maigidana ya tuna yana da wani aboki a gaba.

Sai wajen azahar munka faɗa shagon wani dattijo mutumin Maraɗi. Munka same shi a bakin ƙofa yana alwala. Na tsaya ina kallon ƙasa. Cikin shagonshi ƙyalli ne har ido na ciwo, amma nan inda yake zuba ruwa wani karo ne ruwan ƙasa, mara ado. Ya gama, ya miƙe da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ya taka abinshi ko bango bai dafa ba. Ƙanen maigidana ya riga ya shige ciki wajen ƙyalli.

"Alhaji, wanga da kake tsaye bisa, na saidawa ne?"

"Akwai shi, Hajiya, yana can baya. Ba a cika tambayarshi ba."

"To kai don mi ka sa shi nan?"

"Ina da ƙugu guda, kuma ina sonshi."

Da ya ga da gaske nake, ya jawo guda biyu ya kife su a kan tebur, na tsaya ina saurare kamar muna aji. Na bango, wanda suke ce wa fayans, siriri ne mara nauyi, bayanshi kamar tukunyar ƙasa. Ya ɗiga mishi ruwa a baya, nan take ya shanye. Fuskarshi gilas ce. Aikinshi ya tsaya a bango, ruwa ya bi ta kanshi ya sauka, a goge. In anka kwantar da shi a ƙasa yashi ya kankare shi, ƙafar gado ta fasa shi, ruwa ya mai da shi sabulu. Shi ne a ƙasan makewayin Malam. Na ƙasa kuma mai kauri ne da nauyi, ruwan da ya ɗiga a bayanshi yana nan tsaye kamar hawaye, in an ƙwanƙwasa shi yana amsawa kamar tasa. Na ƙasan ma kashi biyu ne. Akwai gogagge mai ƙyalli, na falon da ake shiga da busasshiyar ƙafa. Akwai mai kaushi, mai wani dogon suna na Faransanci da ban riƙe ba, na makewayi da baranda da madafa, da duk inda tsoho ko ƙaramin yaro ke takawa. Bai ɓoye mini aibinshi ba, ya ce yana riƙe datti, sai da buroshi. Na ce buroshi ba ya ba ni tsoro.

Sai na tambaye shi abin da ke cina: in sun san haka, don mi suke loda wa mutanen ƙauye ƙyalli, gidajen da ba kowa ciki sai tsofaffi da jikoki? Bai ji haushi ba. Ya ce, "Hajiya, abin da anka tambaya shi nike saidawa. Mai kuɗin yana nesa, waya ce idonshi, mai kaushi kuwa ba ya fita a hoto." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ashe duk layin nan, daga mai saidawa har mai saye, kowa na tambayar yadda abu zai fito, ba mai tambayar wa zai taka.

Kafin nan ƙanen maigidana ya samo irin namun, ya sa ɗiyata ta kira Abijan, irin kiran da ake ganin fuska. Ni na ja gefe bayan kwalaye kamar yadda na saba. Na ji muryar yaron cikin hayaniyar kasuwarsu.

"Baba Ƙarami, ai shi ne wannan. A ɗauka. An ce da Inna kunka zo? A gaishe ta da hanya."

Na ce wa ɗiyata, "Ki ce mishi mai kaushi muke so."

"Yaya, Inna ta ce wai ko mai ɗan kaushi ma ba laifi."

"Ki ce mishi wancan yana kada mutane."

Ta dube ni, ta dubi baffanta. "Ta ce wai mai ƙyallin yana son kulawa."

Ina tsaye maganata na narkewa a bakin ɗiyata kamar gishiri a ruwa. Yaron ya yi dariya, ba ta raini ba, irin ta mai lallashi. "Ki ce wa Inna ta huta, zamanin daɓe ya wuce. So nike in Baba ya fito ya zauna wuri mai kyau, abokanshi su gani."

"Rabu da matata, ɗana," in ji ƙanen maigidana, "ita ko aljanna anka kai ta sai ta nemi tsintsiya."

Ba maganar tsintsiya ta motsa ni ba, na saba. Wannan "in Baba ya fito" ne. Na fito daga bayan kwalaye na karɓi wayar daga hannun ɗiyata. Ga fuskarshi a tafin hannuna. Ashe furfura ta fara fito mishi a gemu, ban sani ba. Na kira sunanshi. Sunan ya fito bakina da nauyi kamar dutse, har yaron shagon da ke awon ƙusa ya tsaya.

Na ce, "Ubanka ba ya fitowa. Tun farkon damina bai tsaya da ƙafarshi ba. Karon da kunka zaɓa ya kada shi, ya sake kada shi, yanzu da gindi yake zuwa makewayi, ni ke wanke wandon. Hoton da ake turo maka yana zaune bakin gado, ɗaga shi ake yi a zaunar a gyara mishi hula. Garin kowa ya sani, kai kaɗai anka bari. Ka yi abin kirki, Allah ya biya ka, amma abin kirkinka ya zaunar da ubanka. In ƙyalli za ka saya ka saya, guminka ne. Sai dai ka saya kana sane."

Masu cewa na yi ihu har anka taru, ƙarya suke yi. Ko mai shago sai da ya matso ya ji. Yaron ya tsaya yana kallona baki buɗe, ni ma ban kau da ido ba. Sai wayar ta yi duhu.

Munka fito ba mu sayi komi ba. A bakin titi ƙanen maigidana ya juyo, fuskar nan ba wasa ko kaɗan, ban taɓa ganinta haka ba.

"Matar yaya, kin san abin da kinka yi? In yaron ga ya rufe shago ya taho, wa zai riƙe gidan? Kuma sunan ɗan fari, a kasuwa, gaban baƙi?"

Na ce, "Yau dai ka ji ni."

Bayan mun yi salla munka zauna rumfar wata mai shinkafa da wake, shi can mu nan. Yaji ya yi yawa, mai ya yi kaɗan, amma ko zuma ce ba na jin ɗanɗanonta a lokacin. Yaro a ƙasar mutane, ba uwa ba kaka, na sauke mishi wannan kaya a tsakiyar kasuwa. Ɗiyata na share ido da bakin mayafi tana cewa da na bari ta gaya mishi a hankali. Na ce damina guda tana gaya mishi a hankali. Ina kallon motoci na wucewa da siminti da kwalayen karo, ina jin haushin kowa: wanda ya zaɓa, wanda ya saida, waɗanda sunka ce a yi shiru, da Malam kanshi da ya gwammace ya ja gindi da a ce ya raina kyauta.

Ba mu gama wanke hannu ba waya ta yi ƙara. Ɗiyata ta ɗauka, sai ta miƙo mini. "Ke yake nema." Idanunshi sun yi ja.

"Inna, don mi ba ki gaya mini ba?"

"Ta wace ƙofa?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ki zaɓa. A ɓamɓare na ɗakin Baba da na makewayi, a sa wanda kinka ce. Ba ni Baba Ƙarami." Abin da sunka faɗa tsakaninsu ban ji ba, na dai ga ƙanen maigidana yana ta "to, to" yana zane ƙasa da takalmi.

Munka koma wajen mutumin Maraɗi. Wannan karon kujera anka ba ni, a ciki. Ya fito da masu kaushi kala-kala, na sa anka zuba wa kowanne ruwa, na tuɓe takalmi na taka, na murza diddige. Wani kaushinshi a ido ne kawai, da ya jiƙa sai ya fara halin ƴan uwanshi. Na tsaya kan wani ruwan ƙasa, kalar daɓe, wanda yashi ba zai nuna a kanshi ba. Ban ɗauki manyan nan masu faɗin faifai biyu ba, don dattijon ya ce sai ƙasa ta miƙe sosai suke zama, in akwai rami ƙarƙashi sai su tsage, ni kuwa na san hannun masonmu mai gini. Ya ce a ƙara kaɗan bisa awo saboda yanka da fashewa. Sannan na sa anka buɗe kowane kwali a gabana. Ƙanen maigidana na ta duban rana, ban kula ba. Sai ga wani kwali launinshi ya fi sauran haske, suna ɗaya zane ɗaya amma ba gashin wuta ɗaya ba, anka canza. Da anka zo ciniki kuma sai wutata ta sake tashi: mai kaushin bai ma kai mai ƙyalli kuɗi ba. Ashe da tsada munka sayi wahala.

Bayan la'asar munka kamo hanya. An ce kada a kwantar da kwalayen, a tsai da su a kan gefensu su jingina da juna. Direba ya so ya ɗora musu buhun siminti, na ce sai dai ya ɗora a kaina. Na zauna ƙafafuna a kansu, kowane rami munka faɗa sai na ji shi a haƙorina. Ƙanen maigidana yana gaba, tun daga Tawa har Barmu bai waiwayo ba, wannan karon da anka wuce gidajen ƴan bida bai sa baki a hirar ba. Rana ta yi ja a bayan tuddai, garken shanu na komawa, hayaƙin tuwo na tashi daga ƙauyuka. Ana kiran magariba munka sauka. Tun daga bakin gari na ga mata a ƙofofi suna bina da ido, na gane waya ta riga mota.

Na tarar da Malam ya juya wa ƙofa baya. Na yi sallama, na ajiye magani. Ya ce, "Kin tada mini yaro." Daga nan bai ƙara ce mini komi ba, kwana da kwanaki. Tuwo dai yana ci.

Ranar da maso ya zo fasa mai ƙyallin, maza sunka taru kamar ana jana'iza, kowa na cewa asara, asara. An ɗauki Malam da gadonshi zuwa ɗakina har anka gama, siminti ya bushe, anka mai da shi. Na lura in ya ga ba kowa yakan sauko da ƙafarshi mai lafiya ya shafa ƙasa, ya mai da ita. Sai in yi kamar ban gani ba.

Ƴan uwana, ga abin da na ɗauko daga tafiyar nan ban da kwalaye. In za a sa muku karo, ku je da ƙafarku, ko da kuwa benci za a ba ku a wurin takalma. Ku kife shi ku ɗiga mishi ruwa, ku jiƙa shi ku taka. Na bango ya tsaya bango. Inda ruwa ke zuba, inda tsoho ke bi, a sa mai kaushi, hoto ya yi haƙuri. Ɗayan kuma ba na karo ba ne. Kunya tarbiyya ce, da ita anka raine ni, ban kuwa yar da ita ba, har yanzu in yaron ya kira ya ce a ba shi Inna rasa inda zan sa fuskata nake yi. Amma shirun da munka yi wa na nesa don kada ranshi ya ɓaci, na kusa ne ya biya shi da ƙafarshi, damina guda cur. Wannan ban yafe mana ba tukuna. Masu cewa na zubar da mutunci a Tawa su ci gaba, bakinsu ne.

Shekaranjiya da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji ƙwas, can kuma ƙwas. Sanda ce. Ban waiwaya ba, kada ya ga ido ya koma. Ƙarar ta zo ƙofar ɗaki, ta fito baranda, ta tsaya. Ya daɗe yana mai da numfashi. Sai na ji murya a bayana:

"Wane mara hankali ya yi wa rumbun ga jinka? Kuma wa ya ce a ɗaure akuya gindin zogale? Ke, da ke nike. Haka kunka mai da gidan?"

Ya bi gidan kaf da faɗa, daga turke har bakin zaure, bai bar kowa ba, ni ce ma na fi shan rabo. Na ci gaba da tankaɗena. A tsaye yake faɗan.